Ranar da giyar mota taki shiga a gangaren Naraguta

Wlh jiya naga tashin hankali. Muna tsakiyar gangaren Naraguta giyar mota taki shiga, ga tifa tsaye a gabanmu.

Motar ta marigayi babana ce, ta girmeni, birkinta sai ka hada da addua. Kuma surukina na dauko daga gona, yana zaune a gefena.

Na taka kuloch, yaki sauka kasa. Na tura giya ta biyu, sai gurrr kakeji. Mota sai kara gudu take. Ni da duk Dilimi ansan ba direba kamata, saiga zufa har cikin kunne.

Nace "Baba kwantar da hankalinka, giyabos ne, nasan halinta."

Yace "Kai dan nan, daga kafarka!"

Tsoho ya sunkuya ya zaro wani katon dankali a karkashin kuloch. Ashe buhun dankalin da ya dauko a gona ne ya kwance a baya, daya ya gangaro gaba.

Giya ta fada, na danna birki, muka tsaya saura kiris mu shige karkashin tifa.

Sai surukina yace "Bude min kofa, zan karasa a keke napep."

Jamaa tsakani da Allah, laifin direba ne ko na mai dankali?