Makullin babur ɗina yana aljihun Liman

Jama'a, yanzu haka an tsare ni a wani ƙauye kusa da Auyo, kuma duk saboda hoton wata!

Kun san ɗan madubin hangen nesan nan mai araha da nake ɗaura wa kyamara. Yau ashirin da tara ga Sha'aban, sai na fito fadama in gwada ɗaukar jinjirin wata. Na kafa shi a bakin gonar shinkafa gab da magariba.

Ina cikin ɗauka masunta suka kewaye ni. Wani ya ruga ya kira Liman.

Liman ya ce, "Malam, ka gan shi?"

Na nuna masa hoton. Wani siririn farin layi ne a lanƙwashe. Na ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ban sani ba. Ko wata ne, ko datti ne a gilashi."

"Da na'urarka ka ce ba ka sani ba? Azumin gari guda fa ake magana."

Na ce zan koma Haɗejiya. Ya zare makullin babur ɗina ya jefa aljihu. Wai mai shaida ba ya tafiya sai Dagaci ya ji daga bakinsa. Dagacin kuwa yana ƙetaren kogi, an tafi ɗauko shi.

Na goge gilashin da bakin rigata, na sake ɗauka. Babu layi! Na nuna wa Liman da murna.

Ya ce, "To ai faɗuwa ya yi."

Ga kwalekwalen Dagaci can ya taho.