Zomo Ba Ya Jira a Juya Harsashi

Shekara da shekaru, a kan teburinsa akwai wani tsohon gwangwanin madara da fentinsa ya kankare. Wanda ya leƙa ciki zai ga kwanson ƙananan harsasai, kowanne da tabo ɗaya tak a gefen gindi, kamar an danna farce. Ba biyu ba, ba uku ba. Wannan tabon shi ne labarin mutumin da ma'aikata ke kira Baba Kar-a-juya, wanda ya ajiye aiki ranar Juma'ar da ta wuce, bayan shekara talatin da ɗaya a ɗakin gwaji na masana'antar harsashi.

Bakwai saura kwata yake isowa. Ya jingine kekensa a bayan tankin ruwa, ya rataye hula a ƙusa, ya goge bindigar gwaji da ke ɗaure a jikin benci, sannan ya toshe kunnuwansa. Daga kowane zubi na harsashi yakan ɗebi ɗari biyar, kuma ba ya taɓa na saman kwali. "Na sama kwalliya ce," in ji shi. "Halin kaya a ƙasa yake kwana."

Harsashin da ake yi a nan ƙarami ne, irin na farautar zomo da zabo da gafiyar da ke ɓarna a gona. Maganin da ke kunna albarushinsa ba a tsakiyar gindi yake ba, zagaye yake a cikin gefe kamar zobe. Inji ne ke wulwula kwanson har maganin ya bi ko'ina. In zoben ya sami giɓi, allurar bindiga kuma ta faɗa daidai wurin, sai ka ji ƙas, shiru. Kowane mafarauci ya san dabarar: ka ciro harsashin, ka ɗan juya shi, ka mayar, allura ta sami wani wuri, sai ya tashi. Masu gwaji da yawa ma haka suke yi, su rubuta cewa ya tashi. Ba su yi ƙarya ba kuwa.

Baba ba ya juyawa. Duk wanda ya ƙi tashi a bugu na farko, yakan ƙirga talatin hannunsa na nesa, sannan ya ciro shi, ya zare kan, ya zazzage albarushin, ya jefa kwanson a gwangwani.

Mai gadi ne ya san asalin abin, don shi ya buɗe ƙofa ranar. A shekararsa ta biyu a aiki, Baba ya taɓa juya guda biyu ya sa hannu, kaya suka fita. Bayan 'yan watanni sai ga wani mafarauci da filasta a ƙarƙashin ido. Ya ce ya ja kunamar bindiga ya ji shiru, ya buɗe bindiga zai juya, ashe harsashin jinkiri ya yi, ya tashi a fuskarsa. Mutumin ya ajiye kwanson a kan tebur ya ce, "Ban zo rigima ba, malam. Na zo ne in ga fuskar wanda ya ce wannan lafiyarsa ƙalau." Ya dube shi da kyau, ya yi sallama ya tafi. Kwanson nan shi ya fara shiga gwangwanin.

Kai ne ka ɗauki wannan kallon ka mayar da shi ma'auni, Baba. Da wani ne, da ya ce tsautsayi ne, ya share. Kai ba ka taɓa ganin yawancin masu amfani da aikinka ba, amma kullum kana gwaji kamar ɗayansu na tsaye a bayanka.

Halin har gida ya bi shi. Matarsa takan ce makulli in ya ƙi buɗewa sau ɗaya, kafin la'asar an canza kwaɗon. "Da ni harsashi ce, da tuni ina cikin gwangwani," in ji ta. "Sau nawa yana kira ban amsa a karon farko ba?" Shi kuwa sai ya ce ita tun zubin farko ta ci jarrabawa.

A makonsa na ƙarshe ne aka gwada shi gwajin da ya fi kowanne. Ranar Talata babban zubi ya zo, mota tana tsaye a bakin sito, direba har ya buɗe bodi. Cikin ɗari biyar, uku suka yi shiru. Baba ya ajiye biro bai sa hannu ba.

Manaja ya shigo da kansa, yana murmushin lallashi. "Baba, uku fa kawai. Juya su mana mu gani."

"In na juya za su tashi, ranka ya daɗe."

"To, ai shi ke nan! Ko mota ma wani lokaci sai an sake murza makulli."

"Mota tana jiran ka. Zomo fa?"

Direba da ke leƙe ta taga ya tuntsire da dariya, ya ce, "Wallahi Baba, ko tawa ba kullum take jira ba."

Manaja bai yi dariya ba. Ya rage murya ya ce, "Kwana uku ya rage maka. Ranar Litinin wata ce za ta zauna a kujerar nan. Ka bar mu mu rabu lafiya."

Baba ya san abin da ake nufi. In ya ƙi, za a iya ajiye kayan har ya tafi, a kai wa Anti Mai-sikeli, wadda ta shekara goma sha biyu tana auna albarushi a ɗakin da ke kusa, ita ce kuma za ta gaje shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko kwanso ɗaya daga cikin ukun, ya haska cikinsa da ƙaramar tocila, ya miƙa wa manaja gilashin ƙara girma.

"Duba zoben, ranka ya daɗe."

Manaja ya sunkuya. Zoben ya zagayo lafiya, sai a gefe ɗaya ya yanke, fili fetal kamar bakin da aka cire wa haƙori. Na biyu haka. Na uku haka, kusan girma ɗaya.

"Giɓi uku iri ɗaya ba tsautsayi ba ne," in ji Baba. "Inji ne yake magana. A kira injiniya."

Kafin azahar injiniya ya gano bel ɗin injin wulwulawa ya saki, gudunsa ya ragu tun safiyar Litinin. Aka riƙe zubin gaba ɗaya, mota ta koma babu kaya. Manaja ya tsaya a ƙofar ɗakin awo ya ce, rabi wasa rabi gaske, "Anti, ke dai na san ba za ki wahalar da mu haka ba."

Ba ta ɗago daga sikelinta ba. "Ni gwangwanina na man girki ne, ranka ya daɗe. Ya fi nasa girma."

Kai ne wanda ba a taɓa tafa wa ba, Baba, don aikinka in ya yi kyau babu abin da ke faruwa. Manomi ya harbi gafiya ya koma gida da idonsa biyu, bai san da kai ba. Mun gode maka a madadinsa. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Mu kuma da muka rage, mai haɗa magani da mai ɗaura birki da mai duba gada, kowa yana da abin da zai iya ɗan juyawa ya ce ai ya tashi. Kada mu juya.

Ranar Juma'a an jera kujeru a harabar sito, an kawo lemo, manaja ya tashi yana jawabi, har ya maimaita maganar zomo kamar shi ya ƙirƙiro ta. Ana cikin tafi sai aka waiwaya, kujerar Baba babu kowa. Mai gadi kaɗai ya gan shi. Ya shiga ɗakin gwaji, ya ɗauki gwangwanin madarar ya kai ɗakin awo ya ajiye kusa da sikelin Anti, ya sauko da hularsa daga ƙusa, ya turo kekensa ya fita.