Gam ɗin Hussain

Ɗalibanmu na Alƙahira suna da wata magana. In takalmi ya ɓalle ko alkawari ya warware, sai su ce gam ɗin Hussain ne. Duk sanda na ji, raina ɓaci yake yi, domin na san mai sunan.

Baba Hussain Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno. A unguwar Arba wa Nus yake zaune, a wani ɗaki bisa rufin bene, shi da 'yarsa Fatna. Sana'arsa ɗaure littattafai. Jakar iskar da ke cikin giwan ruwa yake samowa wurin masu kifi, ya wanke, ya shanya ta bushe ƙarau, sannan ya jiƙa, ya narkar a wuta kaɗan-kaɗan. Misirawa na kiranta gira samak, wato gam ɗin kifi. Shi kuwa danƙon kifi yake cewa, yadda ya ji a bakin mahaifinsa, wai kakanninsu danƙon itace suka sani, da suka zo bakin Nilu sai suka ara wa na kifi sunan. Ƙarnin ya kama jikinsa har mutane na matsawa nesa da shi a mota, amma bai damu ba. Abin da yake tinƙaho da shi ɗaya ne: littafin da ya ɗaure bai taɓa dawo masa ba.

A 2013, lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, wani ɗalibi mai suna Abdulbasit ya kawo masa tarin littattafansa. Ya gama karatu, hankalinsa ya riga ya koma Katsina. Aiki bai bushe ba ya zo ɗauka.

"Ka bar su ƙarƙashin dutse tukuna, ɗana," in ji Baba Hussain. "Danƙon nan ba ya shiri da laima."

"Ma'alish, yi haƙuri, Baba, kaya gobe za su tashi. Khalas, magana ta ƙare."

Haka ya cusa su a kwali, aka sa a jirgin ruwa. Suka yi watanni a gumin kwantena. Da aka buɗe a gida, bango daban, takardu daban, ga fumfuna.

Abdulbasit bai ce ya yi gaggawa ba. Hotuna ya watsa wa 'yan'uwansa ɗalibai, ya ce tsoho ya cuce shi da ruwan kifi. Mutanen da suka haddace babin gulma kaf, ba wanda ya hau benen nan ya ji ta bakin tsohon. Aiki ya ɗauke ƙaf. Fatna ta roƙe shi ya je ya kare kansa, ya ce mutum ba ya bin ɗakuna yana rantsuwa a kan aikin hannunsa.

Yanzu a kasuwar Ataba yake, yana tsare wa wani Bamisire teburin tarkace. Bara ina wajensa wasu sababbin ɗalibai suka tsaya. Ɗaya ya ɗaga wata jaka, hannunta ya zare.

"Wannan ai gam ɗin Hussain ne," ya ce, suka yi dariya. Sai ya dubi tsohon. "Baba, kai da ka daɗe a garin nan, wai wane ne Hussain ɗin?"

Baba Hussain ya karɓi jakar ya mayar da ita ƙarƙashin tebur.

"Ban san shi ba, ɗana."