Malam Inuwa Mai Usur da Wata Biyun da Suka Rage Mini

Ina ɗakin malamai ina duba takardun ɗalibai, wajen ƙarfe goma na safe, wayata ta yi ƙara. Binta ce, babbar 'yar Malam Inuwa. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya Azumi, Baba ya cika." Na yi salati, na tambaye ta lokacin jana'iza, ta ce bayan Azahar, a nan unguwar Ogui. Na ajiye wayar, na ɗauki jan birona, na ci gaba da takardar da ke gabana. Na gama ta, na ɗauki wata. Sai da na duba bakwai kafin malamar da ke kusa da ni ta taɓa kafaɗata ta ce lafiya, domin ta ga kowa maki iri ɗaya nake ba shi.

Yau kwana tara, ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina zuwa aiki, ina hawan okada, babur ɗin haya, ina sauka. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne wata magana da na ji a zaman makoki. Wani dattijo ya ce Malam Inuwa bai taɓa zaluntar kowa ba, jama'a suka ce haka ne. Ba haka ba ne. Ya zalunce ni, kuma shi ya fara faɗa da bakinsa. Wanda ya cire wannan daga tarihinsa ya cire mafi girman abin da ke ciki.

Ga wanda bai san shi ba: Malam Inuwa ma'aikacin jirgin ƙasa ne a nan Inugu, kuma ɗan tsere ne tun yana saurayi. Da rikici ya tashi ya gudu Arewa kamar yadda muka gudu duka, ni ina 'yar shekara takwas a lokacin. Da yaƙin basasa ya ƙare yana cikin waɗanda suka fara dawowa. Makarantun gari ba malamai, sai wata sakandaren 'yan mata a unguwar Uwani ta ɗauke shi malamin wasanni. Shi kaɗai ne Bahaushe a cikin malaman, ni kuma da na shiga ni kaɗai ce a cikin ɗaliban ajinmu. Usur ɗinsa na ƙarfe ba ya barin wuyansa, har masallaci da shi yake zuwa a ƙarƙashin riga, shi ya sa mutanen unguwa suka laƙaba masa Mai Usur.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa. Gwamnati tana raba takalman gudu da riguna, ana kwasar yara a manyan motoci zuwa gasa, wanda ya yi fice a jiha a kai shi Legas, wasu daga nan har ƙasar waje karatu. Iyayen da yaƙi ya bari ba komai suka ga ƙofa ta buɗe, kowa yana so ya cusa ɗansa. A cikin wannan turereniya Malam ya fito da takardar sharuɗɗansa, rubutun hannu, rabi na yarinya, rabi na iyayenta.

Na yarinya: ta ci jarrabawa, ta zo atisaye kan lokaci, kada ta cika shekara goma sha bakwai kafin ranar gasa, domin haka dokar gasar ta ce. Yakan ce, "Wadda ta faɗi lissafi ba ta da ƙafa a filina." Ba wasa yake ba. Ngozi, abokiyar tserena, ta faɗi lissafi a aji biyu, ya zaunar da ita zango guda tana kallonmu. Shugabar makaranta ta roƙe shi, ya ƙi. Abin da shugabar ba ta sani ba, kullum bayan atisaye yana zama da Ngozi a gindin mangwaro yana koya mata lissafin da kansa, tana roƙonsa da harshen Ibo, "Malam, biko," yana cewa ta sake.

Na iyaye kuwa ya fi gajarta, ya fi kuma zafi. Uba ko uwa su zo da ƙafarsu su sa hannu, ba aike. Ranar gasa, in ji shi, "Uba ya zo ya kalla, ya tafa wa 'yar kowa, ya koma gida." Na ga ranar da wani babban ma'aikacin gwamnati ya shiga fili yana zagin alƙalin tsere. Malam ya kama hannunsa kamar abokinsa, yana yi masa hira da harshen Ibo, ya taka da shi har bakin ƙofa, ya rufe.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, albasa yake sarowa daga kasuwar Ose Okwodu a Anaca. Sau uku Malam ya je rumfarsa a kaina. Ina wurin a na ukun, na kai abincin rana.

Malam ya ce, "Alhaji, yarinyar nan Allah ya ba ta ƙafa."

Baba ya ce, "Ni ma ya ba ni, Malam. Anaca nake zuwa da ita, ba na zagaya fili ina dawowa inda na tashi."

"To, a ba ni aron tata."

"Da wannan ɗan kamfan da 'ya'yan mutane suke sawa?"

Malam ya buɗe jakarsa ya fito da dogon wando da ɗankwali, launin rigar makaranta. Matarsa, Inna Kande, ita ta ɗinka. Ya riga ya je ya nemo izinin masu gasa a rubuce. Baba ya juya wandon, ya ja ɗinkin ya ga ƙarfinsa, ya ce, "Kai dai ba ka zo neman shawara ba." Ya dangwala hannu.

Mita ɗari huɗu nake gudu. Ba zan yi kunya a nan ba, domin na wuce shekarun kunya: a makarantarmu ba wadda ta taɓa ganin gabana a wannan tsere, bayana suke gani. Na ci na makaranta, na ci na shiyya. Saura na jiha, wanda daga shi sai Legas. A nan aka ce kowace yarinya ta kawo shaidar shekaru.

Yaran zamaninmu ba mu da takardun haihuwa. Na wasu sun ƙone, na wasu an bar su a gidajen da aka gudu aka bari, irina kuwa a ɗaki aka haife mu, ba wanda ya rubuta. Kuma yaƙi ya cinye wa kowa shekara uku ta karatu, duk mun girme wa ajinmu. Abin da ake yi shi ne a je kotu a yi rantsuwa a karɓo takarda, kowa ya zabtare abin da ya ga dama. Na san 'yan matan da suka isa goyo waɗanda takardarsu ta ce sha huɗu. Malam ya ce shi ba ya karɓar shekarun kotu. A kawo masa uba ya faɗa da bakinsa. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce, "In aka kama wata, za a ce yarinya ta yi ƙarya. In aka kama ki, za a ce Hausawa sun dawo da halinsu. Ba mu daɗe da dawowa ba, 'yata."

Baba ya zo makaranta da babbar rigarsa ta Juma'a. Malam ya tambaye shi shekaruna.

Baba ya ce, "Wannan ai ba ya ɓata. Sunanta Azumi, cikin azumi aka haife ta. Ina ƙirgawa duk shekara. Azumin da ya wuce ta cika sha bakwai."

"Alhaji, ka tabbata? Ba sha shida ba?"

"Malam, buhu dubu nake ƙirgawa ban ɓata ba, sai 'yata?"

Na ga yadda fuskar Malam ta sauya. Ya daɗe yana duban takardar sunaye. Sannan ya ɗora rula ya ja layi a kan sunana, a miƙe, kamar yadda yake yin komai. Baba da ya gane abin da bakinsa ya jawo ya ce ko za a je kotun nan kamar kowa. Malam ya ce, "Na riga na ji, Alhaji. Ba zan iya mayar da kunnena ba."

Ban je kallon gasar ba. Ngozi ta yi tseren a madadina, ta zo ta biyu, aka kai ta Legas, daga baya ta sami karatu a waje. Ba na jin haushinta, ta yi gudunta, kuma har yau tana aiko mini da gaisuwar Sallah. Na naɗe wandon Inna Kande na aika a mayar mata, ko wankewa ban yi ba.

Sai da wani azumin ya zagayo. Malam yana zaune a masallaci, wani ya ce bana ma azumi ya matso da kwana goma sha ɗaya a kalandar Bature, kamar kullum. Magana ce da kowa ya sani, kowace shekara ana yin ta. Ya ce jinta ya yi kamar an mare shi. Baba da watan Musulunci ya ƙirga, dokar gasa kuwa da shekarar boko take aiki. Kwana goma sha ɗaya sau goma sha bakwai, wata shida ke nan da 'yan kwanaki. An yi gasar wata huɗu bayan azumi. Ranar gasar, saura mini wata biyu in cika sha bakwai. Na cancanta. Mutumin da yake zaunar da yara saboda lissafi, lissafi ya kayar da shi, kuma ni na biya.

Ba wanda ya sani sai shi. Da ya yi shiru, da har yau ana cewa Baba ne ya yi suɓul da baka. Washegari da hantsi ya yi sallama a gidanmu, ya ce a kira Baba da Inna mahaifiyata da ni. Ya ƙi hawa tabarma. Ya durƙusa a tsakar gida, namiji mai furfura a gemu, a gaban yarinyar da ya girme wa da shekara talatin, ya bayyana lissafin dalla-dalla. Ya ce, "Alhaji gaskiya ya faɗa. Aikina ne in tambayi da wane wata ya ƙirga, ban tambaya ba. Azumi, na zalunce ki, kuma yanzu shekarun sun wuce da gaske, ba ni da abin da zan mayar miki. Ki yafe mini."

Inna ta ce, "Ke, ba da ke ake ba?" Baba ya daka mini tsawa. Na dubi Malam, na juya na shige ɗaki.

Daga shekarar ya ƙara layi ɗaya a takardar iyaye: a faɗi watan haihuwa, a faɗi da wace kalanda. Ya nemo tsofaffin kalandu ya tara a akwati, duk ɗan unguwarmu da zai shiga gasa, ko ba a makarantarsa yake ba, sai an kawo shi ya daidaita masa. Yara da yawa sun sami shiga tsere saboda wannan layi. Suna kiransa sharaɗin Azumi, yawancinsu ba su san Azumin mutum ba ce.

Na yi karatu, na zama malama, na yi aure, na haihu, na yi jikoki. Duk Sallah ina zuwa gaishe shi, domin Baba ya bar mini wasiyya da haka. Mu gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, in zan tashi ya ce, "Azumi, ina nan ina jira." Ni kuma in ce, "Allah ya ƙara lafiya, Malam." Kusan shekara arba'in muna wannan. Bai taɓa aiko mini da liman ba, bai taɓa karanta mini ayar yafiya ba, alhali ya san su duka. Ya ce haƙƙina ne, ba a roƙon haƙƙi da taron jama'a.

Na karanta littattafai da yawa, na iya kafa hujja a kan kowa, kuma na daɗe ina gaya wa kaina cewa fushi ne ya hana ni. A kwana taran nan na gane ba shi kaɗai ba ne. Baba ya rasu, Inna ta rasu, filin makarantar an gina ajujuwa a kansa. 'Ya'yana dariya suke yi in na ce na taɓa yin tsere, suna kallon yadda nake dafa gwiwa kafin in miƙe. Muddin ban amsa ba, akwai mutum ɗaya a duniya da dole ya riƙa tuna yarinyar nan mai dogon wando, duk Sallah. Na riƙe dattijo da igiya don kada a manta da ni. Na yi ta cewa Sallah mai zuwa. Ni da ya kamata in fi kowa sanin cewa lokaci ba ya tafiya yadda mutum ya ƙirga.

Ranar uku na shiga wurin Inna Kande. Ta tsufa, ba ta gani sosai, amma ta gane muryata. Ta sa Binta ta ɗauko wata leda. Wandon ne, a wanke, a goge, da takardar sunayen nan mai layi a kan sunana. A gefen layin ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: ta cancanta, kuskurena ne.

Inna Kande ta ce, "Bai ce a ba ki don ki ce wani abu ba. Ya ce kayanki ne."

Na karɓa, na yi godiya, na fito. Ko a nan ban iya faɗa ba, ɗakin cike yake da mata. To, tunda a gaban iyayena ya roƙa, ga amsar a gaban duk wanda ya karanta wannan. Malam, na yafe. Na yafe tun ban san yaushe ba, rowar faɗa na yi. Yanzu ni ce a durƙushe a tsakar gida, kai kuma ka shige ɗaki.

Ya Allah, bawanka Inuwa ya zo gare ka. Ni Azumi ba na binsa komai, kada ka tsayar da shi saboda ni. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka sa ya huta. Ka karɓi gaskiyar da ya faɗa a kan kansa ranar da ba wanda ya tambaye shi. Ka ba Inna Kande haƙuri da lafiya, ka riƙa wa Binta da ƙannenta, ka shirya jikokinsa. Ka jiƙan Baba da Inna da duk waɗanda muka dawo garin nan tare da su. Ni kuma ka yafe mini jiran da na sa shi, ka isar masa da amsata. Amin.