Ɗan Mahautan da Ya Bar Nama

Duk wanda ya saba cin kasuwar Tsamiya, can bakin iyakar Benin, ya san Riskuwa mai awara. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, kuma kullum yana kafa kaskonsa nesa da layin mahauta. Baƙo ba zai taɓa zaton ɗan gidan fawa ba ne. Amma mutanen Bagudo sun san gidansu: kakansa mahauci, ubansa mahauci, wansa Badamasi kuwa har yau teburinsa ya fi na kowa girma a kwata.

Riskuwa shi ne auta. Tun bai kai tsawon teburin ubansa ba aka ba shi wankin tumbi da hanji, kuma bai taɓa yatsina fuska ba. Da ya girma ya iya fiɗa har ana nuna shi, yakan zare fatar sa ba tare da ya huda ta ko sau ɗaya ba. Ya yi sakandare ya dawo kan sana'a, ya yi aure, auren ya mutu ba haihuwa. Bayan rasuwar tsohonsu sai ya zama hannun daman Badamasi. Da a ce ambaliya ba ta zo ba a wata damina, da yanzu yana can cikin jini har gwiwar hannu, hankalinsa kwance.

A shekarar nan kogin Kwara ya cika ya batse, ya shanye fadamun Kaoje. Shinkafa ta nutse, gidaje suka narke, shanun Fulani da yawa ruwa ya tafi da su. Wata safiya Badamasi ya tashe shi ya ce ya ɗauko wuƙaƙe, akwai aiki. Suka hau jirgin wani masunci suka kutsa cikin ciyawar da ruwa ya kwantar. Tun kafin su ga komai wari ya tarbe su. Saniya ce fara, ta maƙale jikin wata bishiya, cikinta ya kumbura kamar ganga, ƙafafunta a sama, ƙudaje sun yi baƙi a hancinta.

"Yaya, wagga ai mushe ta," in ji Riskuwa.

"Kai ka ga lokacin da tam mutu?" Badamasi ya ce. "Riƙe mini kai."

Suka ja ta tudu. Badamasi ya juya ta gabas, ya yi bisimilla da ƙarfi kamar mai yanka ragon suna, ya ɗora wuƙa. Jini bai fito ba. Wani baƙin ruwa ne ya gangaro, sai iska ta biyo baya da ƙara, wari ya turnuƙe wurin har masuncin ya koma cikin jirginsa. Gashin kan saniyar ya saɓule a tafin Riskuwa, ya manne masa tsakanin yatsu. Da aka farke cikin, sai ga tarwaɗa ƙanana suna mutsu-mutsu a ciki, sun shiga ta inda suka samu sun ci sun ƙoshi. Riskuwa ya durƙusa ya amayar da kokon safe.

Badamasi bai ko dube shi ba. Ya ce in an yanyanka, an shanya, an zuba yaji da ƙuli, kilishi ne, kuma ƙetaren iyaka za a kai, inda ba wanda ya san gidansu. Ba saniya ɗaya suka yi wa haka ba a ranar. Kowace sai an juya ta gabas.

Riskuwa ya ɗauka abin na kwana biyu ne. Ya bar naman sa, yana jiran zuciyarsa ta kwanta. Sai ta ƙi. Naman rago ma da aka yanka a gabansa da lafiyarsa, in ya kai baki sai ya kasa haɗiyewa. Kifi kuwa ko gani ba ya so. Daga baya nono da man shanu suka soma yi masa warin ɗanyar fata, ƙwai ya zama masa kamar majina. Abin da ya fi damunsa shi ne, ya fara lura da dabbobin da kansu. Shekara da shekaru yana kayar da shanu, bai taɓa kula da yadda na bayan layi ke rawar jiki suna zawo in sun shaƙi jinin na gaba ba. Yanzu ba abin da yake gani sai wannan. Ya ajiye wuƙa ya daina zuwa kwata.

Abu na biyu kuma, na imani, a hankali ya zo. Jita-jitar mushe ta zaga gari, liman ya yi huɗuba mai zafi a kai, Badamasi yana sahun gaba yana gyaɗa kai. Riskuwa ya san sarai ba addini ya sa wansa ya yi abin da ya yi ba, addinin ma hanawa ya yi. Amma duk sanda ya buɗe baki zai yi bisimilla sai warin nan ya taso masa. Tsofaffin tambayoyi da ya danne tun doguwar jinyar tsohonsu suka dawo, suka haɗu da sababbi a kan gawarwakin yaran da aka tsamo daga ruwa a Kaoje. Wata la'asar yana cikin sujada ya gane cewa ba ya jin yana magana da kowa, kuma ya daɗe ba ya ji. Bai yi murna ba. Tsoro ne ya kama shi, ya ɗago ya dubi na kusa da shi ko an gane.

Wannan ba a gane ba, amma na nama kowa ya gani. Wasu suka ce asiri ya karɓo mai sharaɗi. Wasu suka ce aljanin ruwa ya shafe shi. Badamasi ya kawo rubutun sha, ya kawo mai ruƙiyya, wata rana har ya sa aka riƙe shi aka ɗura masa romon ƙafar sa. Ya dawo da shi a kan rigar mai ɗurawar.

Da ya rasa wanda zai faɗa wa, sai ya koma ga wayarsa. Da ɗan turancin sakandarensa ya gano cewa duniya tana da suna ga kowane ɗaya daga abubuwan biyu da suka same shi, har da zaurukan hira na masu irinsu. Ya shiga na waɗanda ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba. Yawancinsu mutanen Legas da Abuja ne, suna ta tura hotunan madarar wasu 'ya'yan itatuwa da bai taɓa jin sunansu ba. Ya gabatar da kansa da gaskiya, ya ce shi mahauci ne da ya bar sana'a, yana neman shawara. Wata mata ta ce ba za ta zauna zaure ɗaya da mai kisa ba. Wani ya roƙe shi ya koma kwata ya ɗauko masa bidiyo, don duniya ta ga dabbancin mutanen arewa. Ba wanda ya tambaye shi me ya ci ranar.

A zauren waɗanda suka bar addini an fi yi masa maraba, har da tafi. Sai dai daga safe zuwa yamma ba abin da ake yi sai ba'a ga masu salla, ana kiransu tumaki. Shi kuwa in ya karanta, tsohuwarsa yake gani a kan buzunta. Suka ce ya ɗauki bidiyon kansa a waya ya sanar wa duniya. Ya ce a garinsu wanda ya yi haka ba shi da tabbacin ganin gobe. Wani da ke zaune a Turai ya rubuta masa cewa matsorata irinsa su ke ja da kowa baya.

Yana shirin fita sai wani ya yi masa magana shi kaɗai, da Hausa, Hausar ma irin tasu. Sunansa Ɗanmaliki, mutumin Dole Kaina, amma yana zaune a ƙetare yana safarar man fetur a kan babur. Ya ce akwai irinsu nan kusa, ya zo su ga juna. Riskuwa ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ranar kasuwa ya sa rigarsa mai kyau, ya hau babur ya bi ta Lolo ya shiga Benin.

Ɗanmaliki ya rungume shi kamar sun tashi gida ɗaya, ya ja shi ta lungu zuwa wata mashaya a bayan kasuwa, inda abokansa biyu ke zaune da tsakar rana idanunsu jajur. Ƙasan wurin ya jiƙe da giya da fitsari. Riskuwa ya zauna a bakin benci, ya fara ba su labarin abin da ya daɗe yana ci masa rai, na sujadar da ba kowa a cikinta. Bai kai rabi ba mai wurin ta dire faranti a gabansa. Nama ne mai kauri, kitse fari yana rawa a kai, da ɓurɓushin gashi a fatar.

"Alade na," in ji Ɗanmaliki yana dariya. "Duk wanda yaz zo wurinmu da shi yake farawa. Ci mu gani in da gaske kake."

"Ni ba ni cin nama. Kowane iri."

Suka dubi juna, suka fashe da dariya har ɗaya ya ƙware.

Ɗanmaliki ya ce, "To mi kab bari ke nan? Mu don mu ci mu sha munka fita. Kai ka fito daga haramun ɗaya ka ƙirƙiro wa kanka goma!"

Ɗayan ya ce ko dai ɗan leƙen asiri ne aka turo. Ɗanmaliki ya tsinci yanka guda da yatsu, mai yana bin gwiwar hannunsa, ya kawo shi har leɓen Riskuwa. Riskuwa ya ture hannun, ya miƙe, ya fita. Kafin ya kai iyaka ya goge lambar Ɗanmaliki, ya fice daga zaurukan duka biyu.

Bai koma Bagudo ba. Garin Geza ya nufa, wurin yayarsa Sailuba, wadda mijinta ya rasu ya bar ta tana riƙe gida da sana'ar awara. Ya same ta tana tace waken suya a tsakar gida. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ga yadda wuyansa ya zama kamar na zalɓe.

"Auta, haka kak koma? Zamna."

Ta wanke tukunya da toka har sau biyu a gabansa, don ya gani da idonsa ba maiƙo. Ta kaɗa miyar kuka da daddawa da manja, ba kifi ba ƙashi, ta tuƙa tuwon dawa, ta soya awara ta barbaɗa yaji. Ya ci har gumi ya karyo masa. Rabonsa da ƙoshi tun kafin ruwa. Ya zauna a gidan, yana taya ta niƙa da tata, ta koya masa yadda ake tsinka madarar da ruwan tsami har ta dunƙule.

Wata rana da hantsi suna matse awara a cikin ƙyalle, ya ce, "Yaya, akwai maganar da nike son in hwaɗa miki. Ba ta nama ba."

Hannunta bai tsaya ba. "Ina ganin sallarka, Auta. Goshinka na ƙasa, kai ba ka nan."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka hwaɗi. In kunnena ya ji, ya zama kaya a kaina, kuma ban iya ɗauka. Ni dai ina yi maka addu'a, ba kuma izininka nike nema ba. Kai kuma ka riƙe bakinka a garin ga. Ɗaga dutsen can ka danne."

Ya ɗaga dutsen ya danne awarar. Maganar ba ta sake tashi ba har yau.

Da ya ƙware sai ta ba shi kasko, ya fara bin kasuwanni. Badamasi ya daina gaishe shi, yana cewa ya zubar da mutuncin gida da sana'ar mata. Mutane sun gaji da zancen asiri sun bar shi. Har yanzu yana bin sahu in an kira salla, yana tashi yana durƙusawa tare da kowa, kuma in ya fito yakan ji ƙyamar kansa kusan yadda yake jin ta kwata. Mata biyu Sailuba ta nemo masa, duka ya kauce, don ya ce ba zai kwana da mace yana yi mata ƙarya ba.

Babbar salla ita ce lokacin da ya fi wuya. Jini na bin kwatami, kowane gida hayaƙin babbaka, yara na yawo da hanji a sanda. Daga masallacin idi Riskuwa ba ya biyowa ta cikin gari. Yakan zaga ta bayan gonaki ya tafi wata bukka da ke gonar marigayi mijin Sailuba, ya yini a can yana cirar ciyawa. In rana ta take, Sailuba da kanta take baro suyar naman layya, ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta sauya zane, ta kai masa kwaɗon zogale da dafaffen rogo. Takan zauna daga nesa kaɗan, ta ɓangaren da iska ba za ta kai masa warin jikinta ba, har ya gama ta ɗauki kwanonta.