Baba Mudi da Sandar da Aka Ɓoye a Bayan Randa

Kafin rana ta leƙo unguwar Atron, Baba Mudi ya riga ya ɗaure ƙafar wandonsa da tsumma don kada sarƙar keke ta ci masa, ya hau titi. Hanya ce mai nisa, ta ratsa Shagwa ta shiga tsakiyar Njamena, amma a shekara talatin da huɗu ba a taɓa jin likita ya iso ya tarar da ƙofa a kulle ba. Yana zuwa sai ya share baranda, ya cika randa, ya goge dogon bencin nan na katako, sannan ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa. A takarda, shi masinja ne a ofishin kwamitin likitocin da ke duba 'yan sandan da suka ji rauni a bakin aiki. Ya buɗe ƙofa, ya kira suna, ya kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, shi ke nan. Ranar Alhamis mai zuwa zai miƙa makullai ya koma gida, kuma na san in aka bar ta ofis, da kofin shayi ɗaya za a sallame shi. Ni kuwa ban yarda ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda bai san ɗakin nan ba, bari in gaya masa. Ɗan sanda ba ya samun ritayar nakasa don kawai ya ce ya nakasa. Sai takarda ta nuna a bakin aiki abin ya same shi, sannan likitoci uku su gani da idonsu, su rubuta cewa jikin nan ba zai ƙara ɗaukar kaki ba. In suka rubuta haka, ya huta, iyalinsa sun sami fanshon da za su dogara da shi ko da shekarunsa na aiki ba su cika ba. In suka rubuta cewa ya warke, gobe ya koma bakin aiki. Minti goma ake yi a ciki, wani ma ba ya kai haka.

To amma mutanenmu, kai, Allah ya shirye mu! A da, mutum zai zo yana dogara sanda, gumi na karyo masa tun daga bakin titi. Da an kusa kiran sunansa sai ya waiga hagu ya waiga dama, ya cusa sandar a bayan randa, ya ɓalle maɓallin wuya, ya shiga yana taku ɗaiɗai. Likitan babban hafsa ne, shi kuwa tun yana ƙaramin kurtu aka koya masa cewa ba a tsayuwa a karkace a gaban hafsa. Ga kuma abin da ya sha a nono, cewa namiji ba ya raki. Sai ya ƙame, ya sara. A ce masa yaya jiki, ya ce afe, lafiya lau, alhamdu lillahi. A ce ya taka zuwa bango ya dawo, ya ciji leɓe ya taka. Me kake so likita ya rubuta?

Baba Mudi bai fara da ganin laifin wannan ba. Ina! A da burge shi yake yi.

Su uku ne suka tashi tare a unguwar Pari-Kwango, 'ya'yan tsofaffin gidajen fatake da suka zauna a garin nan tun zamanin Nasara: Mudi, da Yunusu, da Idris. Biyun suka shiga aikin ɗan sanda, shi Mudi aka ce ƙirjinsa bai kai ma'auni ba, ya kama aikin masinja, suka yi shekaru suna tsokanarsa da haka. Kowace la'asar a ƙofar gidan su Yunusu suke haɗuwa, tabarma ɗaya, butar shayi ɗaya, gardama har kiran magariba. In ka tambayi Baba Mudi yadda Njamena take kafin yaƙi, ba ya ba ka labarin tituna ko kasuwa. Tabarmar nan yake ba ka labari, ya yi ta maimaita wa ke zama a wane gefe, sannan ya ce a canja zance.

A faɗan farko na shekarar saba'in da tara, ɓarɓashin bam ya shiga ƙugun Yunusu yana tsaye yana nuna wa mata da yara hanyar da za su bi. Da ƙura ta ɗan lafa aka kira shi gaban kwamiti. Mudi da hannunsa ya karɓi sandar da yake dogarawa, Mudi ne ya gyara masa zaman hula, ya ce masa, "Shiga ka nuna musu ɗan Pari-Kwango ne kai." Yunusu ya shiga ya nuna musu. Aka rubuta ya warke, aka mai da shi bakin aiki a wani shinge kusa da kogi. Shekara na zagayowa yaƙin wata tara ya ɓarke, gari ya watse, kowa ya nufi kogin Shari don ya tsallaka Kusiri ta Kamaru. Waɗanda suke shingen tare da shi sun ce da wuta ta matso kowa ya yi ta kansa, suka waiga suka hango shi yana jan ƙafa a baya. Ba a ga gawa ba, ba a ga kabari ba. Mudi ya yi wata tara a Kusiri yana bin rumfunan 'yan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Har gobe in aka ce wani tsoho ya dawo daga Kamaru ko Maiduguri bayan shekaru, sai ya je ya gan shi da idonsa.

Da aka dawo gari, ofishin babu taga, babu ƙyaure, bencin ne kawai aka bari don nauyinsa. Mudi ya gyara abin da zai gyaru, kwamiti ya koma zama, raunanan yaƙi suka cika baranda. Cikinsu har da Idris.

Harsashi ya tafi da rabin tafin ƙafarsa ta dama ranar da suke kwashe mutane daga wani gida da ke cin wuta. Shaidar bakin aiki yana da ita, abokan aikinsa biyu sun sa hannu. Abin da ya rage likitoci su gani. Shekarunsa na aiki ba su kai na fansho ba, matarsa Hauwa ta dawo daga Kusiri da 'ya'ya biyar gidan da ba rufi. In aka ce ya warke, za a tsayar da shi a mararraba daga safe zuwa azahar, ba zai yi mako ba zai kasa fita, a kore shi hannu rabbana. Mudi ya san haka. Idris ma ya sani. Amma ya zo da takalmin aiki an cusa tsumma a inda yatsu suke a da, an goge shi sai sheƙi yake.

Gwaggo Lami, wadda take buga wa kwamiti takardu a lokacin, tana nan da ranta, ita ta ba ni abin da ya biyo baya. Ta ce tana jin su ta taga.

"Riƙe mini sandar nan, Mudi."

"Ba na riƙewa."

"Kai, wasa nake da kai? Riƙe mana, yanzu zan fito."

"Na riƙe ta Yunusu. Ba na ƙarawa. Idris, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka shiga da abinka su gani."

"In shiga gaban hafsoshi ina ɗingishi kamar mai bara? Allah ya kiyashe ni. Ni ɗan sanda ne."

Ya cusa ta a bayan randa da kansa. Mudi ya buɗe ƙofa, ya kira sunansa cikakke yadda aiki ya ce, Idris ya wuce shi ƙirji a gaba. Gwaggo Lami ta ce wallahi ko a fareti ba ta ga an sara irin sarawar da ya yi ba. Aka ce ya taka, ya taka zuwa bango ya dawo, fuskar nan ko gezau, sai jijiyar wuya da ta miƙe. Babban likita ya gyaɗa kai, ya jawo takarda, ya buɗe alƙalami.

Masinja ba ya ƙetare dokin ƙofa in kwamiti na zama sai an buga masa ƙararrawa. Ba wanda ya buga. Sai ga Mudi ya turo ƙofa, ya zo har gaban tebur ya ɗora sandar a kan takardar, ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ya manta ƙafarsa a waje."

Likita ya dubi sanda, ya dubi Mudi, ya ce masa ya san zai iya rasa aikinsa yau? Mudi ya ce ya sani. Likita ya juya ya ce Idris ya zauna ya cire takalmi. Ya ƙi, aka ce umarni ne. Da tsumman ya fito, jiƙe yake sharkaf da jini, takun nan biyu kawai sun buɗe ciwon. Gwaggo Lami ta ce ba ciwon ne ya sa ta kuka ba, a shekarun nan wa bai ga ciwo ba? Fuskar Idris ce, katon namiji ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa tsirara a gaban mutane.

A ranar aka rubuta masa ritayar nakasa. Aka rubuta wa Mudi takardar gargaɗi, tana nan a fayil ɗinsa har yau. Idris ya fito da takalmi a hannu, ya tsaya a gabansa ya ce, "Ka tona mini asiri, Mudi. Tsakanina da kai kalas, an gama." Ya wuce.

Shekara ashirin da shida ke nan. Idris ya koma Shagwa, ya rufa gida, ya aurar da 'ya'yansa mata uku, mazan biyu sun yi karatu. In suka haɗu da Mudi a jana'iza, wannan sahu daban wancan daban. Hauwa ce takan aiko wa Mudi da dambu kowace Sallah ba tare da an faɗi daga ina ba. Na taɓa tambayar Baba Mudi ko ya yi nadama. Ya ce, "Nadama kam babu. Kewa ce. Ɗaya na yi shiru na rasa shi, ɗaya na yi magana na rasa shi. Amma wannan ai ina jin labarin yana numfashi." Sai ya tashi wai zai duba randa, alhali yanzu ya cika ta.

Tun daga ranar nan ba a ƙara ɓoye sanda a barandarsa ba. Ba ya koya wa kowa ƙarya, ko kusa. Wanda ya zo da ɗingishin haya ma shi ke fara korarsa. Abin da yake yi, ya zauna kusa da mutum a benci, ya ba shi ruwa, ya yi ta jan sa da hira har ya faɗi inda ke masa ciwo da bakinsa, sannan ya ce to abin da ka gaya mini shi za ka gaya musu, kada ka rage. Malam Buba, wanda ƙarar bam ta kashe wa kunne, ya ce shi gyaɗa kai kawai ya shirya yi wa likitoci duk abin da suka ce, don kada a kira shi kurma. Baba Mudi ya zagaya bayansa ya yi ta kiran sunansa, sannan ya dawo gabansa ya ɗaga masa yatsu bakwai: sau bakwai na kira ka. Irin su Buba, in aka ce su taru, barandar ba za ta ɗauke su ba.

Baba Mudi, kai ne ƙaramin ma'aikacin da ya fi kowa sanin ɗakin nan. Kai ne ka gane cewa wanda ya tsaya wa mutane a ranar wuta bai kamata ya ji kunyar tabonsa ba. Kai ne ka zaɓi abokinka ya rayu yana fushi da kai. Mai ƙirjin da aka ce bai kai ma'auni ba, ashe ma'aunin ne bai kai ba.

Kafin in rufe, na je Shagwa wurin Baba Idris, don ba na son in rubuta sunan mutum bai sani ba. Na same shi a zaure. Na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya ce, "Rubuta. Ai ba ƙarya ya yi ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka tambaye shi gwiwarsa. Mutumin da ya kunyata ni a gaban hafsoshi, shekara biyar ke nan yana ɓoye gwiwar hagu. Kullum sai ya sauka daga keke a kwanar nan ya dafa bango ya huta, yana zaton ba mai ganinsa." Na ce Baba, kai ya aka yi ka sani? Hauwa ta amsa daga cikin gida, ta ce ai kowace safiya a bakin tagar nan yake karyawa, in keken bai wuce ba kunu ba ya shiga.

Mun gode, Baba Mudi. Matan da ba su san sunanka ba sun gode, 'ya'yan da suka yi karatu sun gode, Allah ya saka maka da abin da ofis ba zai iya ba. Ku kuma da kuke zaune a bakin ƙofofi, masinja ne kai ko malamar asibiti ko mai buga takardu, kada ka ce aikinka kiran suna ne kawai. In ka ga mutum zai cuci kansa don kunya, ka yi magana ko zai ƙi ka.

Kai kuma Baba Idris, daga Alhamis keken nan ba zai ƙara wucewa ta kwanarku ba. Safiya huɗu ta rage. Yana sauka ya dafa bango, kai kana taga, tsakaninku bai fi taku goma ba. Don Allah ka fito.