Sanyin Kanada a Kwamin Malam Habu

Ko zan manta ranar da na fara aiki a otal ɗin nan, ba na jin zan manta Asabar ɗin ɗaya ga Yuli, 2017, ranar da ƙasar Kanada ta cika shekara ɗari da hamsin da kafuwa. Ku sababbi kuna ganin Malam Habu yana zagaya ku da hannu a baya yana muzurai, kun ɗauka da muzuran aka haife shi. To ku matso.

A lokacin ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen kula da kwamin ninkaya. Malam Habu ne sufabaizanmu, sama da shi kuma sai manaja, Madam Linda, 'yar Kanada. Ga wanda bai san aikin ba, a Dubai da bazara sanyaya ruwan kwami ake yi, don in ka bar shi da rana sai ya koma kamar ruwan shayi. Injin da ke wannan aikin shi muke ce wa cila. Kullum da safe a auna sinadari, a tsoma ma'aunin sanyi, sufabaiza ya amince, sannan a buɗe wa baƙi.

Ana saura 'yan kwanaki a sha ruwan ƙarshe na azumi, Madam ta kira mu ofis. Ta ce 'yan ƙasarsu mazauna Dubai a wurinmu za su yi bikin, kuma abu ɗaya suke so. Wai a can, ranar sabuwar shekara, lokacin da tafkuna suka daskare, mutane da hankalinsu sukan yi tsalle cikin ruwan ƙanƙara su fito suna ihu. Shi suke so a yi musu a nan, a tsakiyar zafin Yulin Dubai, a ƙaramin kwamin gefe. Ta tambaya ko zai yiwu.

Na buɗe baki zan ce cilarmu ta tsufa, sai na ji takalmin Malam Habu a kan ƙafata.

"Ba matsala, Madam. Halas," in ji shi, wato an gama magana.

Da muka fito na ce, "Oga, wace irin ba matsala?"

Ya ce, "Nura, kwantiragina ƙarshen Agusta zai ƙare, kuma ita za ta sa hannu a sabunta. Bizata a jikinsa take, ga yara biyu a jami'a. Ka taɓa ganin mai jiran sa hannu ya ce ba zai yiwu ba?"

Sai kun san wane ne Malam Habu za ku ji daɗin labarin. Mutumin nan ba ya shan ruwan firji, wai yana taɓa masa haƙarƙari. A Janairu, da rigar sanyi biyu da hular kunne yake zuwa aiki. A ɗakinmu na unguwar Satwa mu shida ne, kuma kullum rigimar ɗaya ce: ya kashe na'urar sanyi ya ɓoye rimot a ƙarƙashin filo.

Cila iyakarta ta sauko da ruwa inda mutum zai ji daɗi, ba ta wuce nan. Don haka ya samo ƙanƙara da araha wurin masu yi wa 'yan kifi a unguwar Deira. Da safiyar ranar motar ta iso, kuliyoyin unguwa na biye da ita har bakin ƙofar kaya. Dole muka wanke kowane dunƙule da tiyo saboda ƙarni, wankin ma ya cinye rabonsa. Muka zuba sauran a kwami, rana ta fito ta yi nata aikin. Kafin baƙi su gama cin fanke da zumar itacen nan tasu, ƙanƙarar ta zama labari. Ma'auni ya tsaya a wajen digiri ashirin ya ƙi motsi, alhali Madam ta ce a can ruwan dab da daskarewa yake.

Malam Habu ya leƙa ma'aunin, ya ce, "Mun shiga uku. Ɓoye shi." Na zura shi a aljihu.

Baƙin suka rera taken ƙasarsu, duk sun sha ja da fari. Sai Madam ta ɗauki makirfo ta ce an yanke shawarar karrama mutumin da ya kawo musu sanyin gida har Dubai, shi zai fara shiga. Aka miƙo masa jar riga mai hoton ganyen da ke tutarsu, wuri ya ɗauki tafi.

Ya jawo ni gefe, murya na rawa tun bai taɓa ruwa ba. "Nura, kai matashi ne, jininka da zafi. Shiga a madadina, na ba ka hutun Juma'a biyu."

Na ce, "Oga, ni wa? Ai ba ni aka karrama ba, kuma wa zai tsare cila? Abin da zan gaya maka shi ne, in ka fito shiru za su gane ruwan ba sanyi. Sai ka ɗan yi musu wasan kwaikwayo."

Ya ce, "Ni ban iya ƙarya da jiki ba. Amma za mu haɗu a Satwa."

Ya so ya bi matakala, wai shwaiya shwaiya, wato sannu a hankali, amma taro ya ɗauki "Yalla, Habu, yalla," wato maza ya faɗa. Ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya faɗa da dogon wandonsa. Ruwan iyakar ƙirji ne. Da ya ɗago, ƙarar da ta fito daga bakinsa ban taɓa jin irinta a bakin babban mutum ba. Ya yi salati, ya kira Innarsa da ke Gwarzo, ya nufi tsani ta ɓangaren da babu tsani. Da kyar na jawo shi. Muka naɗe shi da tawul uku a tsakiyar ranar da za ta soya ƙwai, haƙoransa na kaɗawa har a makirfo ana ji.

Murna a wurin mutanen nan ba a magana. Suka dinga faɗawa bi da bi, ni kuwa ina tsaye ina karanta fuskokinsu. Kowa in ya ɗago sai ka ga mamaki a fuskarsa, don bai ji sanyin da ya zata ba. Sai ya dubi wayoyin da ke ɗaukarsa ana nuna wa dangi a gida, ya dubi Malam Habu yana karkarwa, sannan ya kwarma ihu. Duk ƙarya, har Madam. A wurin nan kaf mutum ɗaya ne ya ji sanyi tsakani da Allah.

Sai ga Madam ta fito tana ɗiga, ta nufo mu ba dariya. "Habu, ina ma'auni?"

Na dafe aljihuna. Karkarwar Malam Habu ma ta canza salo. Kafin ɗayanmu ya haɗa ƙarya, wani dattijo ya yi magana daga cikin ruwa. Mista Walta ne, injiniyan man fetur da ya daɗe a ƙasashen Larabawa. Shi kaɗai bai yi ihu ba, kuma bai fito ba.

Ya ce, "Linda, ƙyale mutumin nan. Wannan ba Janairu ba ne, kowa ya sani. Wannan tafkin bayan bukkar mahaifina ne a watan Yuli, daidai wa daida. Duk ranar bikin nan a ciki muke wuni." Ya ce aiki ba ya barinsa zuwa gida sai da Kirsimeti, rabon jikinsa da irin ruwan nan tun mahaifin yana raye. Kuka yake yi, ba ɓoye-ɓoye.

Aka ajiye wayoyi. Ɗaya bayan ɗaya suka koma cikin ruwa suka zauna, suna kiran sunayen tafkunan garuruwansu. Wallahi tausayinsu ya kama ni, don ni ma rafin garinmu ne ya faɗo min a rai. Madam ta dubi Malam Habu ta daɗe, sannan ta juya ta koma cikinsu, ba ta sake tambayar ma'auni ba.

A Agusta ta sa hannu. Malam Habu ya yi mako yana mura, ni kuma ya huce a kaina, na yi wata ina wanke matatar ruwa ni kaɗai.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a aikin nan baƙo zai gaya maka abin da yake so da bakinsa, ka yi iya ƙoƙarinka a kai, amma ka riƙa kallon fuskarsa. Wanda ke nesa da ƙasarsa, injiniya ne ko mai wankin matata, sau da yawa gida yake tambayarka, bai dai san ta inda zai faɗa ba. In kuna shakkar labarin, ga Malam Habu can, ku tambaye shi. Shawarata dai, ku bari sai an sabunta muku kwantiragi.